Shuɗin Dutsen da Aka Kai Wuta

Farin Dutse, ƙasar Gwaram
Yuli, 1974

Zuwa ga jikana Badaru, malamin makaranta a Birnin Kudu,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Zahara'u, wadda har yau ka ƙi kawo mini don kana tsoron in ta gan ni ba za ta koma ba. Mu nan lafiya, sai gwiwa, ita kuwa ta riga ni tsufa.

Kada ka yi ta juya takarda kana neman ko wane ne. Ni ne Maikano, taubashin kakarka Turai, wanda ya ɗora ka a kafaɗa a kasuwar Sara ka jiƙa masa wuya. Rubutun nawa ne, na ajin yaƙi da jahilci. In ka ga harafi ya kwanta, ka tashe shi.

Ka ji rasuwar ɗana Sabo bara, cikin farin nan. Ya bar matarsa Hajjo da 'ya'ya mata biyu, Kubra da Azumi. Shanunsa fari ya gama da su tun yana raye. Abin da ya rage wa yaran a duniya tumaki goma sha ɗaya ne, kuma alƙali ya sa su a hannuna a gaban shaidu. Wan Hajjo, Isma'ila, ya so ya kwashe yaran da tumakin zuwa Kangire. Na tashi tsaye na ce jinin Sabo ba zai bar gidan Sabo ba, ni zan riƙe. Aka bar mini.

To, ruwan da muka yi ta roƙo ya zo, ciyawa ta fito, sai ga tumakin da suka ci kara da ƙasa suka rayu suna mutuwa a tsakiyar kore. Ƙarƙashin haɓarsu ya kumbura kamar an ɗura ruwa, in ka buɗe fatar idon fara fat, ga zawo, ga rama. Biyu sun tafi. Da muka buɗe cikin ta biyun, tsutsotsi ne sirara kamar zare. Na ba su kanwa, na ba su saƙe-saƙin da ubana ke bayarwa, ba su ko ɗaga kai ba. Malamin dabbobi an ce yana can arewa wajen allurar shanu, sai kaka.

An ce mini aikinka haɗa ruwa da ruwa a kwalba ya canza launi, yara su tafa. In akwai abin da ke kashe tsutsa a cikin kwalaben nan, ka aiko ta hannun Iliyasu direba. Ba na barci, Badaru. Ko tunkiya ta yi tari sai in ji kamar Isma'ila ne ke sallama.

Kakanka,
Maikano

*

Birnin Kudu
Yuli, 1974

Zuwa ga Kaka Maikano,

Na amsa sallama, na kuma gode. Muna lafiya. Zahara'u ta ce a gaya maka ta ji tayinka, amma sai ka gyara gwiwar tukuna. Allah ya jiƙan Baba Sabo, ya raya abin da ya bari.

Ni ba malamin dabbobi ba ne, don haka na kai takardarka wurin wani abokina da ya yi karatun dabbobi. Ya ce tsutsar ciki ce ta damina. Sabon maganinta babu shi a kusa, amma akwai na dā wanda ake ɗurawa, kuma ina da shi. Iliyasu zai ba ka ƙunshi da abu huɗu: shuɗin dutse mai ƙyalli kamar gishiri, da noti ɗaya na mota, da babbar kwalba da na yi wa zobe da jan fenti, da wata 'yar ƙarama.

Notin na auna shi, gram goma ne cif. Dutsen kuwa nauyin noti huɗu ne, don ya kai ku ƙarshen damina. Ka ari mizanin maƙerin azurfa, ka sa noti a gefe ɗaya, dutse a ɗaya gefen har su daidaita. Wannan awo ɗaya shi za ka narkar, ka cika ruwa har zoben babbar kwalba, wato lita guda. Kowace tunkiya 'yar ƙaramar kwalba ɗaya, a ɗura mata a hankali tana tsaye. Sau ɗaya, sai ka rubuto mini yadda suka yi.

Abu biyu, Kaka. Kada ruwan ya taɓa mazubin ƙarfe, sai tukunyar ƙasa ko kwalba. Na biyu, dutsen nan dafi ne. Abin da ke kashe tsutsar shi ne ke iya kashe tunkiyar, don haka a yi masa taka-tsantsan.

Ka gaida Inna Hajjo da yara.

Jikanka,
Badaru

*

Farin Dutse
Agusta, 1974

Badaru,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙo ya iso, Allah ya yi maka albarka. Gwiwa tana nan, ta ce a gaida Zahara'u.

Na karanta takardarka har na kusa haddace ta, kuma inda ka ce dafi ne nan na tsaya. Ku 'yan boko kun san sunan abu, amma mu muka san yadda ake lallaɓa shi. A gidanmu ba a ba mai rauni magani mai kaifi ɗanye. Uwata ko dutsen alif za ta sa a miki sai ta gasa shi ya yi fari ya mutu tukuna. Tumakin nan kuwa iska ma tana kayar da su. Saboda haka na zuba dutsen duka a kasko, na kai shi wuta.

Da ka ga abin mamaki. Ya yi ta tsartsatsi yana huci, shuɗin nan ya gudu, ya koma fari kamar toka. Da ya huce na kai mizani, sai na ga noti huɗun naka sun koma biyu da rabi. Na ce to, wuta ta wuce inda na aike ta, ta cinye kusan rabin ƙarfinsa. Don kada in yi aikin banza, na auna noti biyu na farin maimakon ɗaya, na zuba a kwalba guda. Ruwa na taɓa shi sai ya yi zafi, shuɗin ya dawo. Na ce alhamdu lillahi, da sauran rai. Ragowar garin na ƙulle a tsumma.

Tumakin tara ne yanzu. Huɗu suna turkena, biyar na bar su wajen Hajjo don yaran su riƙa ganin abinsu. Na raba ruwan biyu, na aika mata rabi. Ina cikin ɗura wa nawa sai ga Kubra tana jan tunkiyarta Kyalla, wadda ubanta ya ba ta da bakinsa. Wai uwarta ta ce ba za ta ba nasu yau ba, sai ta ga yadda na Kaka suka yi, ita kuwa ba ta so Kyalla ta jira. Na ce kin yi hankali, kin fi uwarki. Nawa suka zama biyar, na Hajjo huɗu.

Sun yi laushi bayan ɗurin, suna ta dalala, ba sa son ciyawa. Na san magani ne ke faɗa da tsutsa. Ka rubuto ka ce mini na yi daidai.

Kakanka,
Maikano

*

Farin Dutse
Agusta, 1974

Badaru,

Sallama. Lafiyar jiki muna da ita. Ban da ita ba mu da komai.

Kasuwa ta ci ta sake ci, ba takardarka. An ce rafi ya kawo ya yanke hanya, motoci ba sa wucewa. Na yarda. Amma na ga mutane suna ƙetarewa da gora, kuma takarda ba ta kai mutum nauyi ba.

Da na ga shiru, tumakina kuma ba su miƙe ba, sai na ce wuta ta raunana maganin fiye da yadda na zata. Na sake ɗura musu ragowar ruwan da ke tukunyata, ya ƙare tas. Uku sun tafi, Badaru. Biyu mun samu mun yanka, ɗaya ta riga wuƙa. Cikin tumbinsu kore shar, ba wanda ya yarda ya ci naman, muka haƙa rami. Sauran biyun suna kwance, Kyalla na ciki. Fitsarinta ya yi ja. Kubra ta ƙi komawa ɗakin uwarta, tana zaune a turke tana kore mata ƙuda.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. Na Hajjo huɗun suna tsaye. Ba su warke ba, haɓar tana nan a kumbure, amma suna ci. Na ce mata ba ta ba su ba. Ta rantse ta ba su, bayan ta ɗan jira. Na ce ta nuna mini mazubin. Ashe tukunyarta ta fashe, sai ta juye ruwan cikin tsohuwar garwar kananzir da take ɗebo ruwa da ita, abin da ka hana da bakinka. Na leƙa, ruwan ya koma kore-kore kamar na wankin ganye, gindin garwar ya yi ja kamar an shafa jar ƙasa. Na ce ta lalata magani. Ta ce, ba ta ko ɗaga murya ba, "Baba, wanda na lalata ne bai kashe ba."

Ban taɓa jin surukata ta mayar mini da magana ba sai ranar.

Isma'ila ya zo daga Kangire. Bai zage ni ba, ya ma durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi gwiwa. Sannan ya ce ranar kasuwar Gwaram mai zuwa zai je gaban alƙali, kuma ya riga ya gyara wa yaran ɗaki. A masallaci an fara matsa mini wuri fiye da yadda nake bukata.

Ni abin da na gani shi ne tsutsa ta riga magani, kuma za ta ci na Hajjo yadda ta ci nawa in ba a yi sauri ba. Ragowar farin garin yana nan. Niyyata in narka shi a kofi guda, ya yi kauri sosai, in raba wa huɗun, a yi ta ta ƙare. Hajjo ta kafa tabarmarta a bakin turkenta, ta ce sai dai in tsallake ta. Ba na son in tsallake matar ɗana. Amma alƙali hannuna ya sa wa dukiyar nan, ba nata ba, kuma ba zan zauna ina kallo su bi sauran ba. In kasuwa ta zagayo ban ji daga gare ka ba, zan yi abin da na gani.

Wannan takardar na ba wani mai tallan goro da zai ƙetare. In ka manta da mu ne, ka faɗa, in san da wa nake.

Maikano

*

Bakin rafi, hanyar Gwaram
Agusta, 1974

Kaka,

Sallama. KADA KA BA SU. Ka karanta wannan tukuna, sauran gaisuwa ta biyo baya.

Takardunka biyu tare suka iso mini jiya. Ta farkon ta daɗe a aljihun Iliyasu, motarsa ta maƙale a hayinku, sai mai goron ya haɗo mini da ita. Na hau keke na taho, ga ni a bakin ruwa, masu fito sun ce ba za su ɗauki wanda bai iya iyo ba a wannan cikar. Takardar za su ɗaura a ka. A kan sirdin keke nake rubutu.

Ba tsutsa ce ta kashe ukun ba. Laifin farko nawa ne: na ce maka dafi ne, ban ce kada a kai shi wuta ba, don ban taɓa kawo haka a raina ba. Bari in nuna maka, ka sa a karanta a gaban Inna Hajjo da Isma'ila.

Dutsen nan muna rubuta shi CuSO₄·5H₂O. Wancan 5H₂O na ƙarshe ruwa ne, yana ɗaure a cikin dutsen ko da ka gan shi a bushe. A awonmu, jan ƙarfen da ke ciki 64 ne, farar wuta 32, oksijin huɗu 64, jimla 160. Wannan shi ne maganin, shi ne kuma dafin. Ruwan biyar ne, kowanne 18, ya zama 90. Duka 250. Abin da kaskonka ya yi shi ne:

CuSO₄·5H₂O → CuSO₄ + 5H₂O

Hucin da ka gani ruwan ne ke fita. Dafin ko ƙwayarsa ba ta tafi ba. Gram 40 na aiko, 40 × 160 ÷ 250 ya ba da 25.6, wato noti biyu da rabi da ɗan ɗoriya, daidai abin da mizani ya nuna maka. Bai yi rauni ba, Kaka. Ka sauke masa kaya ne ya rage tsantsa.

Noti ɗaya na shuɗin yana da jan ƙarfe 10 × 64 ÷ 250, gram 2.56. Noti biyu na farin suna da 20 × 64 ÷ 160, gram 8. Ninki uku da ɗoriya ka ba su, kuma sau biyu. Tunkiya ta fi kowace dabba rashin jure jan ƙarfe.

Garwar Inna Hajjo kuwa, na hana ta ne don baƙin ƙarfe yana fizge jan ƙarfe daga cikin ruwan ya shiga madadinsa:

Fe + CuSO₄ → FeSO₄ + Cu

Rabin da ka aika mata yana da jan ƙarfe gram 4. Kowane 64 nasa yana cin 56 na baƙin ƙarfe, 4 × 56 ÷ 64, gram uku da rabi. Jiran da ta yi ya ba garwar lokaci ta ba da wannan daga jikinta. Jan da ka gani a gindi shi ne abin da zai shiga cikin tumakin. Shi ya sa ba su mutu ba, shi ya sa kuma ba su warke ba. Har yanzu suna bukatar magani.

Garin da ke tsummanka 25.6 ne a cire 20, saura gram 5.6. In ka narka shi a kofi ka raba wa huɗu, kowace za ta sha fiye da ninki huɗu na abin da ya kamata. Ba wadda za ta tashi.

Ga abin yi. Kwalba cike tana son gram 6.4 na farin, kai kana da 5.6, kashi bakwai cikin takwas ke nan, kuma na fi son haka ga masu rauni. Kada ka auna, kada ka kai wuta. Ko danshi ya mai da shi shuɗi, jan ƙarfen da ke ciki bai ƙaru ba. Juye shi duka a babbar kwalba, cika ruwa har zobe, girgiza ya narke. 'Yar ƙaramar kwalba ɗaya ga kowace cikin huɗun, sau ɗaya tak. Sauran a zuba a rami nesa da rijiya. Biyun da ke kwance kada su ƙara ko ɗigo, ruwa mai kyau kawai da inuwa. Ba zan yi maka alkawari a kansu ba.

Ban manta da ku ba. Ina jin kukan tumaki daga hayin can, ban san ko na wa ba ne.

Badaru

*

Farin Dutse
Satumba, 1974

Zuwa ga jikana Badaru,

Bayan gaisuwa mai yawa. Ina fata ka koma lafiya, kuma keken bai gaya wa Zahara'u yadda mijinta ya tsaya a bakin ruwa kamar kaza ba. Mu nan da sauƙi. Gero ya fara kai.

Takardarka ta same ni da kofi a hannu. Ban ƙara gishiri ba. Na riga na kwance tsumman, ina tsaye a kan Hajjo, ita tana zaune a tabarmarta tana tsinkar zogale kamar ba ta san da mutum ba, sai ga mai fito jiƙe sharkaf yana tambayar gidan Maikano. Manyan haruffan nan naka na farko ko makaho ya gan su.

Na sa aka kira Isma'ila da liman, na karanta da kaina. Wuraren da ka jera baƙaƙen Turawa da kibiya na tsallake, na ce nan jikana yana magana da aljanunsa ne. Amma lissafin na bi shi da tsinke a ƙasa, sau biyu, ina neman inda ka yi kuskure. Ban samu ba. Na so in samu.

Hajjo ce ta haɗa, ni ban taɓa ba. Ta cika har zobe, ta sa ido a kan fentin kamar mai zaren allura. Huɗun sun sha. Kumburin ya saɓe, idon ya fara ja, jiya ɗaya har ta tunkuyi Azumi. Cikin biyun da ke kwance ɗaya ta miƙe, tana tafiya kamar ni. Biyar ke nan suka rage wa yaran cikin goma sha ɗaya.

Ban jira Isma'ila ya kai ni gaban alƙali ba, na riga shi zuwa. Na ce a cire dukiyar daga hannuna a sa a na uwarsu, geron gonata na bana kuma a sayi tumaki da shi a mayar musu. Isma'ila ya ce in haka ne yaran su zauna gidan ubansu. Ya kwana, ya ci tuwo, ya koma Kangire shi kaɗai.

Kyalla ba ta tashi ba. Da muka dawo daga rami, Kubra ta tsaya a gabana, ba kuka, ta ce, "Kaka, da na bar ta wajen Inna, da tana nan?"

Takardarka tana aljihuna, kuma na san abin da ta ce. Na ce mata e, da tana nan. Na ce amma ke kawo ta kika yi don ta warke, hannun da ya ɗura mata nawa ne. Ta daɗe tana kallon hannun. Sannan ta kwance igiyar Kyalla daga turke, ta naɗe, ta tafi da ita ɗakin uwarta. Tana gaishe ni da safe, daga bakin ƙofa.

Ruwa ya janye, motoci sun fara wucewa. Hajjo ta ce in gaya maka garwarta ta huje a gindi, daidai inda jan nan ya kwanta, kuma tunda kai ka san gram nawa ta bayar, kai za ka kawo sabuwa. Notinka yana nan a aljihuna, ka zo ka karɓi abinka. Ka zo da wuri, ka kwana biyu. Ba ko tunkiya ɗaya a turkena yanzu, kuma tsakar gidan ta yi mini faɗi.

Kakanka,
Maikano